Littafin Bashin Arzika

Ranar da aka rushe shagon Arzika
don a faɗaɗa hanyar Bunza,
a cikin tukunya, ƙarƙashin kanta,
muka tarar da littafi.
Gara ta ci gefe, ta bar tsakiya.
Ba tarihi ya zauna rubutawa ba,
bashi ne kawai, da ajami, da baƙin tawada.

Na kai wa Inna Tumba.
Ido ya tafi, kunne na nan.
Ta ce, karanto, in gaya maka su wa ke ciki.

"Nomau mai fito: kananzir kwalba biyu, ashana ɗaya."
Ta ce, na fitilar gaɓa ne,
wadda yake ratayewa jikin giginya
don wanda dare ya riska a ƙetare.
Kwabo mutum, sisi jaki,
mai naƙuda kyauta, gawa kyauta.
Da aka gama gada ya ɗaure jirgi,
ya taka ta sau ɗaya, ya dawo,
ya ce tana da ƙarfi, amma ba ta gaisuwa.

"Ige ungozoma: sabulu da reza, sai kaka."
Ta ce, taɓa cibiyarka, aikinta ne.
Ita ba ta taɓa goyon nata ba.
Ranar da ta cika, liman ya ce 'ya'yanta su matso,
sahu ya kai har rumfar mahauta.

"Jatau maɗori: gishiri, goro na taro."
Ya ɗora ƙafar Bafillace, ya ɗora ta Bazabarme,
ya ɗora ta ɗan maraƙi ma.
Kara da tsumma da tofi, shi ke nan.
Ba ya karɓar ko anini,
shi ya sa sunansa ya fi na kowa yawa a nan.

"Malam Sahabi: alli akwati ɗaya."
Na hukuma bai iso ba a shekarar,
yara kuwa sun taru gindin tsamiya.
Da allin bashi aka koya wa ubanka baƙi.

Na juya, na juya.
Sule ya koma naira a tsakiyar shafi,
hannun Arzika ya yi gardama layi uku
kafin ya saba.

Sai ga wasu shafuka cike maƙil,
gero mudu, gero mudu, gero rabin mudu,
gida bayan gida, har da na hakimi.
Inna ta yi shiru.
Ta ce, shekarar da gulbi ya kwana a fadama,
shinkafa ta ruɓe tsaye,
muka ci ƙwayar bado muna godiya.
Duba ƙasa, me ya sa?
Na duba: layi guda ya ratsa sunayen duka,
da kalma biyu ƙanana: na yafe.

Ba a sa wa titi sunan ko ɗayansu ba.
Kushewar Nomau ma, an yi gardamar inda take.

Can kusa da bango, inda gara ta tsaya,
na karanta ban yi tunani ba:
"Tumba amarya: allura, zare, turare ɗan mitsil."
Babu layi a kai.

Ta yi dariya har tari ya kama ta.
Ta ce, ashe bai manta ba, ni ce na manta!
Ta kwance bakin zane, ta lalubo abin da ke ciki,
ta danƙa mini.
Na ce, Inna, Arzika ya shekara ashirin a ƙasa.
Ta ce, jikansa na Birnin Kebbi yana ɗinki,
kai masa, ka dawo ka ja layin a gabana.

A waje motar gyaran hanya na ta gurnani,
tana baje inda kanta yake.
Na sa littafin cikin riga,
na fita neman biro.