Obin Ɗin da Ban Saya Ba

Ranar da kwasar adashe ta faɗo kaina
na ƙulle dubu sittin a bakin gyale,
na tari mai keke daga Mabera.
Ko hantsi bai gama miƙewa ba
ranar Sakkwato ta hura murhunta.

Obin nake so, na lantarki,
mai ƙofar gilashi da 'yar fitila a ciki,
wanda zan tsuguna in kalli kek
yana tashi sannu, kamar cikin jariri mai barci.

Modi mai kayan wuta ya goge shi da hannun riga.
"Hajiya, wanga ba ya ƙuna, ba ya gardama."
Ya jero min injin markaɗe, da na kwaɓin fulawa,
da tukunyar da ke dafa shinkafa ba mai tsaronta,
kowanne da baƙar wutsiyarsa a naɗe,
kowanne na jiran bango ya ba shi rai.

Sai na tuna bangonmu.
Wutar layinmu ƙarfe biyun dare take zuwa,
da sanɗa, kamar wanda ake bi bashi,
kafin in lalubo takalmi ta koma.
Wa zai fasa ƙwai goma sha biyu
ya damƙa mata amana?

Na ce, "Modi, bari in zaga."
Ya ce, "Zagayen ga na san shi."

Can wajen masu zubin dalma
wani tsoho bai ko ɗago kai ba,
ya ce, "Ƙwanƙwasa ki ji."
Marar nauyin ta ɗauki ƙara har maƙwabta,
mai kaurin gindi ta amsa ƙasa-ƙasa, ta yi shiru.
"Wadda ta cika surutu ita ka ƙone tuwo."
Na ɗauki mai shirun, da murfinta,
hannuna ya san ya ɗauki kaya.

Wuƙa ɗaya, ba shida a kwali ba.
Na gwada ta a kan albasar mai talla,
ta wuce kamar ba ta taɓa komai ba.
Rariya mai ƙananan idanu.
Muciyar da ta zauna a tafina
kamar mun daɗe da sanin juna.
Kurfoti, don gas ma yakan ƙare
daidai lokacin da miya ke tsakiyar magana.
Sikeli kuwa, na daɗe tsaye a kansa,
ya ci kuɗin da ya ba ni haushi,
amma ido yana ƙarya, fulawa ba ta yafiya.

Da la'asar Ladan ya ɗebo min yashin Rima
a tsohon buhun sukari.
Na wanke, na shanya, na shimfiɗa a gindin tukunya,
gwangwanin madara uku suka zama kujera,
garwashi a ƙasa, garwashi bisa murfi.

Na farko ya fito baƙi ta ƙasa, ɗanye a zuci,
yara suka cinye da shayi, ba su ce uffan ba.
Na biyu ya tashi, ya ga duniya, ya koma ya kwanta.
Na rage wuta. Na koyi daina leƙe.
Na huɗu ne ƙamshinsa ya haura katanga
har Tumba ta turo 'yarta aron ashana,
alhali ina jin tukunyarta na tafasa.

Canjina dubu tara na nan cikin gwangwani,
ban ce na fasa ba, ina dai tarawa.
Ran Laraba na bi ta shagon Modi,
obin na nan, fitilarsa a mace.
Ya ce, "Har yau zagayen ne?"
Na miƙa masa yanka guda a takarda.
Ya ci, ya tsince ɓurɓushin daga gemu,
ya ce, "Wanga aikin wane kamfani ne?"
Na ce, "Rima."