Makullin Kabad

Takarda biyu aka liƙa a bangon makarantar jinya a Garwa,
ɗaya ta shekara guda, ɗaya ta shekara uku.
Na tsaya rana na dukan ƙeyata,
ba darussa nake karantawa ba, kuɗin nake dubawa.

Da dare a Lagdo, Baba ya zazzage gwangwanin madara a tabarma,
sefa masu ƙarnin kifi, wasu sun jiƙe sun bushe.
Ya ƙirga sau biyu, ya miƙa wa Inna ta ƙirga.
Kuɗi ba ya haihuwa don ya canja hannu.
Ya ce, "Dijatu, kwale-kwalena iyakarsa shekara guda,
ukun nan sai jirgi mai inji."
Na ce gudar ta ishe ni.
Ƙarya na yi, shi ma ya sani.

Na fito mataimakiya.
Aka tura ni ƙaramin asibiti a Ngong,
na koyi juya tsoho ba tare da ya ji kunya ba,
na koyi wanke miki ina hira da mai shi,
na san zafin jikin yaro da bayan hannu
kafin ma'auni ya faɗi nasa.
Wanda ya raina aikin nan bai taɓa kwana a gadon asibiti ba.

Amma akwai kabad.
Fari ne, a kusurwa, makullinsa a aljihun Manjo Tizi.

Wani dare cikin damina aka shigo da yarinya a goye,
zazzaɓi ya sanƙarar da ita, ido ya juye.
Na san sunan allurar, na san layin da take zaune,
ina hango ta ta gilashi.
Hannuna ne ba shi da izini.
Na ruga cikin taɓo har gidan Manjo,
takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, ban koma ba.
Yarinyar ta rayu.
Uwarta ta kawo mini gyaɗa kwano guda, tana godiya,
ni kuwa mintunan nan goma sha biyu nake ta ƙirgawa.

Da safe Manjo ya dubi ƙafata, ya ce,
"Gudu kin iya. Sauran karatu."
Ya ajiye mini tsofaffin littattafansa, bangonsu ya cinye.

Shekara huɗu ina zubin adashi da matan ɗakin haihuwa.
Ina karatu tsakanin ƙarin ruwa da ƙarin ruwa,
fitilar waya a baki, sauro na cin rabonsa.
Jarrabawar farko sunana bai fito ba,
na bi jerin da yatsa har ƙasa, na sake daga sama.
Sati biyu ban buɗe littafi ba.
Baba ya aiko da banda a kwali, da saƙo:
ranar da taru ya fito wayam ba a ƙona shi, shanya shi ake yi.

Ta biyu, lamba ta talatin da ɗaya.

Yau ina kan babur, akwati a cinya,
mun hau gadar Binuwai.
Ƙasa can dorina ta fito da hanci, masu wanki na buga zane a dutse.
Zan zauna aji da yaran da na girma da shekara bakwai,
za su riga ni haddace sunayen ƙasusuwa,
ni kuma na riga su sanin nauyin mutum idan ya kasa tashi.

Mai babur ya waiwayo, ya ce, "Ina muka nufa, likita?"
Na ce, "Ba likita ba ce. Bi dai a hankali,
akwai rami a ƙarshen gadar."