Shaidar Rai

Daga Kalgari na taso, jirgi uku, kwana biyu,
don in tsaya gaban wani yaro mai tabarau
a ofishin fansho, hawa na biyu, ƙofar hagu,
in ce masa: ga ni, ban mutu ba.

Ya jawo fayil, ya kaɗe kashin ɓera.
"Barau Tanimu, mai zanen taswira, Ma'aikatar Ayyuka?"
Na ce ni ne.
Ya ce wata tara ba ka dangwala ba, Baba,
wanda bai dangwala ba, sunansa na cikin marigaya.

Na miƙa babban yatsa. Na'ura ta ƙi.
Na sake miƙawa, ta yi ja kamar idon mai bin bashi.
Shekara talatin da biyar ina zana garin nan,
titin Kakuri, lungunan Barnawa, kwalbatocin Rigasa,
yau zanen yatsana ne ya gagara karantuwa.
Wata tsohuwar malamar asibiti a bayana ta ce,
"Goga a goshi, maiƙon fuska yake so."
Na goga. Fitila ta yi kore.
Haka na dawo duniya, ƙarfe sha ɗaya da kwata.

A bencin waje na iske Jatau,
wanda muka ja awon hanyar Kaciya tare.
Shi yana Jidda wajen ɗansa, bizarsa ta ziyara ce,
yana sabunta ta kamar mai ɗinkin tsohuwar riga.
Ya ce, "Kada ka bar layin wayarka ya mutu.
Nawa an sayar wa wani mai shayi a Kawo,
shi yake ganin saƙon banki in kuɗina sun shigo,
har yana kirana ya yi mini barka."
Muka yi dariya har tari ya raba mu.
Ya ce kowace takarda ka yi mata kwafi uku:
ɗaya a jaka, ɗaya gun 'ya, ɗaya gun wanda ba ya tafiya.

Da la'asar Zuwaira ta kira daga can,
gari bai gama waye musu ba.
"Baba, kana ƙirga kwanakin?
In ka zarce, katin asibiti zai tsaya,
ga fom ɗin haraji na jira a kan tebur."

Fom ɗin nan na san shi.
Bara na zauna da mai lissafinsu, wani Basine mai fara'a,
ya ce in faɗi duk abin da nake samu a gida.
Na faɗi fanshona, ya mai da shi dala,
ya dube ni ta saman gilashi:
"Na wata ne, ko na yini?"
Bai kai kuɗin takalmin sanyi ba.
Amma hayar shaguna biyu a Tudun Nufawa,
nan an yanka, can ma ana tambayar rasit.
Gida biyu maganin gobara, in ji magabata.
Ba su cika fom ba, shi ya sa.

Yanzu ina zaune bakin gada da gasasshiyar masara,
kogi ya cika, ya yi ruwan ƙasa, yana tafiyarsa.
Ba wanda ya buga masa hatimi.
Saura kwana sha tara a fasfo,
in je Zariya gaisuwar mutuwa biyu,
in gyara rufin ɗakin Hajiya, Allah ya ji ƙanta,
in sa wa layina kati na shekara.

Baɗi war haka, in da rai,
zan sake hawa matakalan nan, ina hutawa a tsakiya,
in goga yatsa a goshi.
Shekarar da ban zo ba,
kada kowa ya wahala da kai musu labari.
Na'urar za ta faɗi abin da ta saba faɗa,
karon nan ba mai yi mata gardama.