Shafi na Sha Huɗu

Wata uku na yi ina cin takarda
a ɗakin karatu, can bayan Kasuwar Dole,
fanka na kuka, ni ina kwafa.
Mai littafi ya jera mini iskoki kamar sojoji:
wannan baƙar akuya yake so,
wancan gindin tsamiya ne gidansa.
Na ja layi da jan biki, na sa lamba,
na rufe kaye na ce na san bori.

Ran Laraba na hau kabu-kabu zuwa Garin Malam,
wurin Gwaggo Kyauta,
wadda aka shekara talatin ana hawa kanta
kafin ta ƙone kayan girkarta a bayan duwatsu.
Na tarar tana jiran mai ga-ruwa,
tulu biyu a bushe, carbi a wuya.

Na karanta mata shafi na sha huɗu.
Ta yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo.
"Akuyar gaskiya ce," in ji ta,
"sai dai bai faɗi wanda ya biya kuɗinta ba.
Tasoshin aurena ne suka tafi a kai.
Bai rubuta washegari ba,
yadda jiki ke kwana kamar an sussuke gero a kansa,
kowa na gaya miki abin da bakinki ya ce
ke kuwa ba ki nan."

Na ce, ashe duk ƙarya ce?
Ta dube ni duban mai awo ga sabon mudu.
"Tuba na yi, ɗana. Ban ce ban gani ba."

Na roƙi kirari ɗaya, ɗaya tak, don jarrabawa.
Ta ce bakin da ya yi alwala ba ya komawa can.
Daga nan ta zagi mutanen da, ɗaya bayan ɗaya,
ta zo kan wata Ladidi da ta rasu bara
sai muryarta ta zauna.

A maƙwabta wata ta soma luguden daka.
Na ga babban yatsan ƙafar Gwaggo
yana amsawa cikin rairayi, shi kaɗai.
Ta ja zane ta rufe shi.

Mai ga-ruwa bai zo ba.
Na ɗauki tulu na nufi famfo,
kayen na bar shi kan tabarma,
jikarta na fifita da shi.