Ba Gansakuka Ba Ce

Bayan la'asar, gangaren Kware,
inda idon ruwa ke tsattsafowa daga ƙarƙashin marmara
ya bi ta cikin lambunan albasa,
na tsuguna, wando naɗe har gwiwa,
madubin ƙara girma a wuyana kamar laya.

Nomau mai ban-ruwa ya aje gwangwaninsa:
"Malam, mi kaka biɗa ga dutsi?
Gansakuka ta, ba ta da wani suna."

Na ce, sa yatsa.
Gansakuka santsi gare ta,
tana bin hannu kamar yauƙin kuɓewa.
Wannan kuwa, kankare ta da farce,
farcen ne zai ba ka haƙuri.
Ƙanzo ce a gindin tukunyar rafi.

Daga ƙasa nake fara karatu.
Baƙa, daidai leɓen ruwa, sai ka ce kwalta,
da ɗigo-ɗigo kamar kan allura;
nan take ɓoye irinta.
Taki ɗaya sama, wata toka-toka
ta tsattsage irin na fadama a bazara.
Na yayyafa mata ruwa,
kafin in ƙirga ashirin ta yi kore shar,
kamar wadda ta tuna wani abu.
Can ƙoli, inda balbela ke kashi,
mai launin gwaiduwa.
Na ɗiga mata ruwan toka,
ta yi ja kamar tofin goro.
Na rubuta.

Na ce masa, rai biyu ne a riga ɗaya:
dangin naman kaza ya gina ɗaki,
ƙwayar gansakuka na ciki
tana girki da hasken rana.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Ashe dai da gansakukar ciki!"
Ban musa ba.

Sai ya ja ni wajen wani dutse,
ya dafa inda baƙar ta tsaya cak:
"Nan ruwa ka kwana kowace damina.
Tun ubana Jabbi da shi muka awo,
ba mu dasa komi ƙasa da nan."
Shekara tara ina leƙen madubi,
ban taɓa ja da baya na ga layin ba.

Akwai wata a inuwar dutsen,
mai kunnuwa ƙanana, ruwan ƙasa,
littafina bai san ta ba.
Na ɓanɓari kamar ƙwayar gero,
na naɗe a takarda,
na bar gurbin sunan fari.

Nomau ya koma kan albasarsa.
Ruwa ya ci gaba da lasar dutse.