Malamin da Bai Iya Iyo Ba

Shekara hamsin da uku ina shan ruwan Mekong,
ban taɓa bari ya wuce mini gwiwa ba.
Kwalekwale ke kai ni makaranta,
ina tsugune a tsakiya, jaka a ƙirji,
kamar mai rakiyar ƙwai zuwa kasuwa.

Litinin ta farko bayan hutun sabuwar shekara
na shigo aji da gwangwanin shayi, ba shayi a ciki.
Na ce kowa ya yago takarda,
ya rubuta abu ɗaya da zai yi kafin damina ta sauka.
Abu ɗaya tak, da ranarsa,
ƙarami yadda hannu zai iya kamawa,
babba yadda zai hana shi barcin rana.

Shiru. Fanka tana nishi a sama.
Sai Quyet, sarkin surutun bencin baya,
ya ce, "Malam Khiem, kai fa?
Ko gwangwanin na yara ne kaɗai?"

Alli ya jiƙe a hannuna.
Ga mai wa'azin wanka, ga dauɗa a wuyansa.
Na juya ga allo, na rubuta da manyan baƙaƙe:
Zan ƙetare rafin bayan makaranta da iyo
ran ashirin ga watan biyar.
Dariya ta ɓarke har ajin maƙwabta suka leƙo.
Yaran da aka haifa a kan ruwa,
ga malaminsu yana tsoron filin wasan agwagi.

Amma fa suka rubuta.
Nhan za ta karanta wa kakarta takardar asibiti
ba tare da ta yi tuntuɓe a kalma ba.
Thuc, mai tallar abarba a kasuwar kan ruwa tun asuba,
za ta daina gyangyaɗi a darasin lissafi,
ko da kwana uku ne a mako.
Quyet ya ninke tasa sau takwas,
ya tura ta can ƙasa, ya hana kowa gani.

Wata uku da rabi ina shan kunya da ruwan laka,
jarkoki biyu ɗaure a hammata,
'yan shekara goma sha biyu na ba ni umarni daga gaɓa:
"Saki wuyanka, Malam!
Ruwa ba ya ɗaukar mai taurin kai!"
Abin da na haɗiye ya cika randa.
Sau biyu na ce na fasa.
Sau biyu na tarar da allo da safe,
wani ya bi rubutuna da sabon alli,
har da ɗigon ƙarshe.

Ranar ta zo da hadari a gabas.
Na ajiye jarkoki, na ajiye tabarau, na shiga.
Na ƙirga bugun hannu har arba'in,
daga nan lissafi ya gudu ya bar malaminsa.
Saura tsawon gora biyu numfashi ya ƙare.
Wata sanda ta taɓa mini kafaɗa, na cafke.

A jiƙe muka buɗe gwangwani.
Nhan ta karanta takardar tun watan jiya,
ta gano kakarta na shan ƙwaya biyu maimakon uku.
Thuc ta samu kwana biyu, na uku yana hanya,
ta faɗa tana hamma.
Na warware ta Quyet, ninki bayan ninki,
rubutu kamar tafiyar kaguwa:
Ba zan bar Malam ya nutse ba.
Sandar tana hannunsa har lokacin,
shi kaɗai ya cika nasa cif.

Na roƙi Thuc ta yago mini takarda.
A watan biyu, rafi ne sukutum tsakanina da gaɓa,
yau gora biyu ce.
Na rubuta sabuwar rana, hannu na rawa,
na jefa, na miƙa gwangwanin ga na kusa da ni.