Maɓalli

Daren Talata a Gdansk, ruwa na tsiyaya daga indararo.
Matakala goma sha ɗaya muke sauka
zuwa ɗakin ƙasa, bayan tsohuwar maƙerar jiragen ruwa,
inda warin dalma da na shayi suka daɗe da zama ɗaya.
Ni ke riƙe da makulli, ni ke wanke kofuna.

Jagoda ce ta zo da shi a aljihun kwat,
kwali bai kai na sabulu ba.
Wata biyu tana jiran masinja.
Ta buɗe, muka yi shiru irin na masu leƙen jariri.

Kwamfuta ce sukutum a kan allo guda,
kore, faɗin tafin hannu,
da 'yan ƙusoshi arba'in a jere kamar haƙoran mataji.

Tymon, da bai cika sha bakwai ba,
ya haddace takardarta tun kafin ta iso:
saurinta ya ninka na bara sau uku,
ƙwaƙwalwarta ta ƙaru,
ga wata 'yar ƙofa a gefe ta saka ma'adana mai gudu.
Yana magana, hannunsa na rawa.

Halina ta ɗaga gilashi, ta juya allon:
"Sun matsar da ramukan waya.
Akwati tara na sassaƙa wa tsohuwar,
yanzu sai dai in zuba maɓallan riga a ciki."
Wani ya ce caja ma sabuwa take so.
Wani ya ce kuɗinta ya tashi,
abin da aka yi domin 'yan makaranta
yau sai mai albashi.

Bogumil bai matso ba.
Shekara talatin yana walda a jikin jirage,
yanzu amya shida gare shi a bayan gari.
Tsohuwar kwamfutarsa na cikin gwangwanin biskit,
tana auna ɗumin ƙudan zuma,
hunturu takwas ba ta yi tari ba.
"Gudu zuwa ina?" in ji shi.
"Zumata ba ta sauri."
Na ce a raina, da tsohuwar zuma ake magani,
amma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Muka jona. Fitila ja, sai koriya.
Kafin in aje buta, rubutu ya cika allon bango.
Tymon ya yi ihu.
Halina ta ɗora yatsa a kan guntun ƙarfen tsakiya,
ta janye da sauri, ta kai baki:
"Wannan ai sai ta soya ƙwai!"
Aka ɗaura mata fanka ƙanƙanuwa kamar kwabo,
ta soma kukan sauro.
Bogumil ya yi dariya har da tari:
kwamfutar da ke buƙatar fifita a watan Nuwamba!

Can Jagoda ta ce, "Baba, dubi nan."
A kusurwa, kusa da fitila,
wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa.

Maɓallin kashewa.

Shekara goma yana cizge waya daga bango,
yana zagin injiniyoyin da bai taɓa gani ba,
katin ajiya huɗu ya lalata ta haka,
ɗaya da lissafin zumar shekara guda a ciki.

Ya goge hannu a wando.
Babban yatsansa, da tabon wuta ya cinye zanensa,
ya danna. Ta mutu a hankali, kamar mai sallama.
Ya danna. Ta farka.
Ya sake. Ya sake.
Shayinsa ya huce, ba wanda ya tanka.

Ƙarfe goma na kashe fitilu.
A matakala ta bakwai ya ja hannun Jagoda,
murya ƙasa-ƙasa don kada Halina ta ji:
"Ba don ni ba ne, jikata ke tambaya.
Wata nawa kika ce ana jira?"